Dutsen Iya Yagana

Ba zan faɗi sunana ba, don 'ya'yan ƙanwata suna makaranta a garin nan, kuma gorin da suka sha a kaina ya ishe su haka. Mutanen Haɗeja da suka san abin da ya faru za su gane ni ko ban faɗa ba. Ku matasa nake yi wa wannan rubutu, musamman ku masu jini a jika, waɗanda ake nema idan gari ya shiga wani hali.

Ni ɗan masunta ne. Mahaifina ya rasu ina saurayi, ya bar mini kwalekwale da taru. Da ciyawa ta cinye hanyoyin ruwa, kifi ya ja baya, sai na sayar da su na sayi keke mai ɗaukar kaya, irin mai buɗaɗɗen baya. Ina dakon shinkafa daga fadama zuwa inji, ina kai wa mata buhunan ƙuli da busasshen kifi kasuwa. Mace za ta ɗora mini kayanta ta koma gida ta ci gaba da girki, ba ta ko waiwaya. Har na kai shekara talatin ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba. Ba don in wanke kaina nake faɗin wannan ba. So nake ku sani cewa lokacin da na fara, ni ma kallon mutumin kirki nake yi wa kaina, kamar yadda kuke yi wa kanku yanzu.

Shekarar da abin ya faru damina ta yi nisa, kogi ya cika har yana lasar jinga. Wata Laraba bayan la'asar gabas ta haɗe, ta yi ja, ta koma baƙi, sai iska ta taso irin wadda tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga irinta ba. Ba ta yi awa ɗaya ba, amma da ta lafa sai ka rantse yaƙi aka yi a garin. Darbejiya ta kwanta a kan titi, turakun wuta sun karye, kwanon rufi ya tashi daga wannan unguwa ya sauka a waccan, wani a kan bishiya, wani cikin gonar shinkafa. Ka shiga ɗaki ka ɗaga kai, ba abin da za ka gani sai sama.

Washegari mai unguwa ya tara mu a ƙofar masallaci. Maza masu ƙarfi aka ce su tafi jinga su cika buhuna da ƙasa, don in kogi ya ɓalle a kan wannan ɓarna, to, gari ya tashi. Mu huɗu masu keke aka ba mu aikin kwashe tarkace. Kowane gida zai fito da abin da iska ta lalata ya tara a bakin hanya, rassa da karyayyen katako da jiƙaƙƙiyar katifa da kwanon da ya nannaɗe, mu kuma mu bi layi-layi mu kwashe mu kai juji a bayan gari, kada su toshe kwata ruwa ya koma cikin gidaje. Aka ba kowannenmu falmaran mai ƙyalli, ruwan ɗorawa, don a gane mu 'yan aiki ne. Ranar da na sa ta har tafiyata ta canza.

Akwai wata al'ada tamu da sai na bayyana muku, don yawancinku ba ku tarar da ita ba. Duk wanda iska ta yaye wa rufi yakan bi ya tsinto kwanonsa, ya jera a ƙofar gida kafin ya samu kafinta da ƙusa. Tsakar gida cike take da ruwa da yara, kwano kuma yana yanka, don haka a waje yake zama. Sai a ɗora masa dutse. Dutsen nan yana hana iska ta sake ɗauka, kuma yana faɗa wa mai wucewa cewa wannan kaya yana da mai shi. Tulin da babu dutse shara ne, a kwashe. Tulin da aka ɗora wa dutse kuwa ko mahaukaci ba ya taɓa shi. Ƙasarmu yashi ce da laka, ba a tsintar dutse a hanya, don haka duk abin da mutum ya ɗora daga cikin gidansa ya fito da shi: dutsen murhu, guntun bulo, dutsen niƙa. Ba kwaɗo, ba maigadi, kuma tun da nake ban taɓa jin wani ya rasa ko falle ɗaya ba. Ni na fara.

A bakin jujin akwai wani ɗan gwangwan, Sule mai sikeli, yana sayen tsohon ƙarfe. Rana ta farko ya ga ina zubar da nannaɗaɗɗen kwano, ya ce, “Haba malam, arziki kake zubarwa haka? Kawo nan.” Na ba shi, ya auna, ya miƙo mini rabona. Wannan ba laifi ba ne, shara ce masu ita suka yar. Amma da zan tafi sai ya riƙe ƙarfen keken ya ce, “Wannan na narkarwa ne. In ka samu miƙaƙƙe wanda zai hau rufi, ba a sikeli za mu yi magana ba. Gari duk kwano ake nema.” Na ce masa ai miƙaƙƙun duk da dutse a kansu. Ya yi dariya ya ce, “Dutsen ba da hannu aka ɗora shi ba?”

Kwana biyu maganar nan tana cina. A rana ta uku na shiga wani lungu, na ga kwano falle biyar, an ɗora masa guntun bulo can a gefe. Ba kowa a layin, maza suna jinga, mata suna ciki suna kwalfe ruwa. Ban ɗauke bulon da hannu ba. Baya na yi da keke na ɗan gogi tulin, bulon ya zame ya faɗi. Na sauko na dube shi, na ce a raina, to, ga tuli babu dutse. Kun ji irin fatawar da na ba kaina. Har bismilla na yi kafin in ɗora falle na farko.

Kafin mako ya zagayo na daina wahalar da keke, da ƙafa nake ture dutsen. Daga baya na koma sa hannu biyu in ɗauke shi in ajiye a gefe. In kwashe mai kyau, in rufe da rassa da shara a sama, in wuce ta gaban mutane suna ce mini sannu da aiki, Allah ya ba da lada. Da ƙorafi ya yi yawa sai aka fara zargin juna. Na san maƙwabta biyu da suka shekara ashirin suna cin tuwo a faranti ɗaya, suka daina gaisawa a kan kwanon da ni na sayar. A masallaci liman ya roƙi Allah ya tona asirin mai wannan aiki. Muryata ta fi ta kowa wajen cewa amin.

Da mutanen cikin gari suka fara sa ido, sai Sule ya kawo wata dabara. In riƙa fita ƙauyukan bakin kogi da falmaran ɗina, in ce wata ƙungiyar agaji ce take musanya tsohon kwano da sabo, amma sai an kai tsohon an gani tukuna. Mutanen da ruwa ya kewaye, ba wanda ya leƙo su tun ranar iska, suka ga mutum da rigar aiki ya zo har ƙofar gida, me za su ce? Da hannunsu suke taya ni lodi.

A haka wata Alhamis da hantsi na faɗa wani ɗan ƙauyen masunta, na tsaya a gaban wani ɗakin ƙasa da babu rufi. Sai da na kashe keke na gane inda nake. Gidan Malam Bukar ne, abokin kamun kifin mahaifina, wanda iyayensa suka zo daga wajen tafkin Chadi tun kafin a haife ni. Ya tsufa, idonsa ya tafi, da lalube yake gyaran taru. Shi da matarsa Iya Yagana kaɗai ne a gidan, ɗansu guda ya daɗe da rasuwa. Kwanonsu falle takwas yana jere a ƙofa, an ɗora masa dutsen niƙa.

Na so in juya, Allah ya sani na so. Amma kwanon irin na da ne, mai kauri, wanda Sule yake rawar jiki a kansa. Kafin in gama shawara Iya Yagana ta fito, ta kare ido da hannu, ta ce, “La ilaha illallahu! Malam, ka san wa ya zo? Ɗan abokinka ne, har ya zama ma'aikaci.” Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa. Na durƙusa na gaishe su, sannan na karanto musu ƙaryata tiryan-tiryan, ban yi ko tuntuɓen harshe ba.

Malam Bukar ya ci gaba da laluben tarunsa. Can ya ce, “Ɗana, hadari bai ƙare ba fa. Kafinta ya yi mana alkawarin gobe bayan Juma'a. Ɗakin ƙasa in babu rufi, ruwa biyu ya ishe shi.”

Na ce, “Baba, gobe kafin a tafi masallaci zan dawo da sabo fil, har da ƙusa. Kafintan ma ya huta da miƙar tsoho.”

Ya juya wajen matarsa ya ce, “Yagana, me kika gani?”

Ta ce, “Haba Malam. Yaron da ya sha kunu a hannuna? In ba mu yarda da wannan ba, da wa za mu yarda?”

Na miƙe zan ɗauke dutsen, sai ta tare ni da sauri. Ta ce, “A'a, bari. Ni na ɗora, ni zan sauke. Kada wani ya hango ya ce ka taɓa dutsen mutane.” Ina tsaye da ƙarfina, da rigata mai ƙyalli, tsohuwar nan ta sunkuya ta rungumi dutsen niƙa tana nishi, ta ja shi har ƙasa, don kada sunana ya ɓaci. Da na gama lodi ta shiga ta fito da bandar kifi a ƙulle cikin takarda, ta ce in kai wa mahaifiyata, in ce tana gaishe ta. A hanya na cinye shi, na yar da takardar.

Juma'a ta zo ta wuce. Kafinta ya je ya tarar babu kwano, ya koma. Asabar da azahar ruwa ya sauko, bai tsaya ba sai washegari, ya ɗan huta, ya sake dawowa. Buhunan da maƙwabta suka shimfiɗa musu a kan katakon rufi ba su tare komai ba. Bango ya sha ya ƙoshi. Ranar Lahadi da la'asar Iya Yagana ta shiga ɗakin don ta fito da ɗan geronsu, bangon gabas ya rufto a kanta. Da kwalekwale aka fito da ita zuwa bakin titi, aka kai ta asibiti. Kwana ɗaya ta yi ta rasu. Ina zaune a teburin mai shayi a tasha aka kawo labarin, na ce inna lillahi tare da kowa, na ƙarasa shayina.

Da masuntan ƙauyen suka zo nemana, na yi ta rantsuwa cewa ni ma cutata aka yi, na kai wa masu agajin kwano sun gudu da shi. Saura kaɗan in sha. Abin da ban sani ba, Malam Bukar ba ya toshe hujin kwano yadda kowa yake yi. Yadda ake like kwalekwale yake yi masa: ya cusa tsumma, ya shafe da kwalta mai zafi, ya danne da babban yatsa. Wani masunci yana wucewa ta bayan kasuwa ya ɗaga kai ya ga irin wannan liki a rufin wata sabuwar rumfa. Aka sauke kwanon, aka riƙo hannun tsohon aka kawo shi. Ya shafa, ya shafa, ya tsaya a kan wani liki ya ce, “Nawa ne. Ga yatsana nan.” Mai rumfa ya nuna Sule. Sule kuwa tun kafin a ɗaga masa murya ya nuna ni, ya ce shi ɗan kasuwa ne, mutum da rigar aiki ya kawo masa kaya, ina zai san na sata ne? Yau ɗin nan da nake rubutu yana nan a bakin juji da sikelinsa, har ya yi tumbi.

Alƙali ya ba ni shekara uku a kan sata da zamba. An karanta kwano, an karanta gidajen da na shiga, an sayar da kekena an rage wa mutane asara. Sunan Iya Yagana bai fito a cikin hukuncin ba, don a takarda bango ne ya kashe ta.

Mutane suna tambayata wahalar gidan yari, suna so in ba su labarin gabza da kwarkwata da zafin ɗaki. Duk akwai. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne rufin wurin. Kwano ne mai kyau, ko ɗigo ba ya yi. Damina uku na yi a ƙarƙashinsa a bushe. Idan ruwa ya sauko 'yan ɗakinmu murna suke yi, an samu sanyi, ni kuwa sai in toshe kunne. Sau ɗaya mahaifiyata ta zo ganina. Ba ta zage ni ba, ba ta yi kuka ba. Ta dube ni ta ce, “An ce Yagana ta ba ka saƙo ka kawo mini. Ina yake?” Na sunkuyar da kai. Ta jira, ta jira, sannan ta gyara mayafinta ta tafi. Ta rasu saura wata biyar in fito.

Na fito a farkon damina. Ban yi mako biyu ba aka sake yin iska, ba ta kai waccan ba, amma ta yaye rufi da dama. Na zaga gari ina kallo. Ba dutse ko ɗaya. Wani ya huda kwanonsa ya zura sarƙa ya ɗaure a turke. Wani dattijo yana zaune a kan nasa cikin rana da sanda a hannu, ya kasa zuwa ko masallaci. Masu kwasar tarkace suka shigo wani layi da falmaran ɗinsu, mata suka fito suka ce ba wanda zai taɓa musu ko tsinke sai mazansu sun dawo. Tarkacen ya kwana uku a wurin, ya toshe kwata, ruwa ya shiga gidaje. Abin da kakanninmu suka bar mana ke nan, ni na sayar da shi a cikin mako uku.

Sai da na yi wata guda ina ɗaga ƙafa ina mayarwa kafin na iya zuwa wurin Malam Bukar. Na same shi a wata bukkar kara da maƙwabta suka yi masa kusa da kufan ɗakin. Na yi sallama. Ya ce, “Ka fito ke nan.” Muryata kaɗai ya ji. Na durƙusa na ce, “Baba, na zo ka yafe mini.”

Ya ce, “Kwano na yafe tun ranar da aka sauke shi daga rumfar nan. Amma akwai abin da nake so ka sani, na riƙe maka shi shekara uku. Ranar Asabar da hadari ya haɗu, na ce mata mu kwashe kayan ɗakin mu koma zauren maƙwabta. Ta ƙi. Ta ce yaron nan ya ce zai dawo, wataƙila hanya ce ta ɓaci. Kada ya zo ya tarar mun kwashe kaya, ya ga kamar ba mu yarda da shi ba. Duk keken da ya yi ƙara a kan titi sai ta fita ta duba.” Sannan ya ce, “Wannan ba ni zan yafe maka ba. Mai haƙƙin tana ƙasa.”

Na yi kuka irin wanda ban yi a kotu ba, bai ce mini in daina ba. Da na lafa sai ya miƙa sandarsa ya taɓa wani abu a bakin bukkar. Dutsen niƙan ne, yana nan inda ta sauke shi, ciyawa ta kewaye shi. Ya ce, “Kabarinta ba shi da alama, ruwa yana ta shafe shi. Samarin nan sun sha cewa za su kai mini wannan, na hana. Ita ta sauke maka shi. Kai za ka ɗora.”

Na ɗauka a kafaɗa, shi kuma ya riƙe bakin rigata, muka bi ta gefen gonaki har maƙabarta. Na yi dakon buhun shinkafa shekara da shekaru, ban taɓa sauke kaya sau uku a tafiya ɗaya ba sai ranar. Na ajiye shi a wajen kanta. Ya lalubo ya dafa, ya yi mata addu'a, na ce amin a hankali.

Yanzu da baro nake aiki. Duk lokacin da aka yi iska nakan fita in kwashe tarkacen layinmu ba tare da na karɓi komai ba, kuma har yau sai an samu mai tsayawa a kaina har in gama. Ba na jin haushinsa, ni na koya masa. Na tuba, ina roƙon Allah kullum, amma kada wani ya ruɗe ku cewa tuba tana mayar da komai yadda yake. Ba ta tashi bangon ba.

Ku matasa, za a sake yin iska, za a sake kiran ku, za a ba ku riga a ce ku shiga lungunan da maza ba sa nan. Ranar za ku ga kayan mutane a zube, ba mai gadi, kuma za a samu wani Sule a bakin juji yana yi muku dariya. Kada ku tsaya jiran ranar babbar sata don ku ce a'a, ba a nan ake faɗuwa ba. Ni a kan guntun bulo na faɗi, ranar da na yi baya da keke na ce ba da hannu na taɓa ba. Duk wanda ya bar kayansa a gabanku ya shiga gida, yardarsa ya ɗora a kai, ko kun ga dutse ko ba ku gani ba. Ku wuce. In kuma zuciya ta ce muku ai falle ɗaya ne, ku zo in raka ku bakin kogi, in nuna muku inda na ajiye nawa dutsen.